Zuwa Ga Bazazzagin da Ke Tsallake Shafin Mata

Bawana Bazazzagi,

Gaisuwa daga uwargijiyarka ta birnin Dabo, da fatan gilashin nan naka bai ƙara kauri ba. Saƙonka ya iso da dogon Turancinsa, sai da na sa aka tace mini shi kafin in tsinci 'yar Hausar da ke ciki. Abin da na tsinta shi ne wai ka gama nazarin manga na wasannin samari, har ka yanke hukunci: matan da ke ciki ba su da aikin da ya wuce miƙa tawul, cika gorar ruwa da sharar hawaye a bakin fili, don haka da ka iso shafin da suke sai ka tsallake ka koma inda maza ke gumi. Ka kuma ƙara da cewa marubutan sun kyauta da suka bar su a haka.

Ban yi mamaki ba. Mutumin da a bakinsa mota sabo ne, riga fari ne, amarya ma in ta iso sai a ce ya iso, ta ina zai ga mace a littafi? Tun kaka da kakanni kuka sallame ta daga nahawu. Abin da ya ba ni kunya a madadinka shi ne garin da maganar ta fito. Ku ne duk baƙon da ya sauka sai kun cika masa kunne da Sarauniya Amina da ganuwarta, kun kai shi Samaru ya ga ɗakin kwanan ɗalibai mai sunanta, kun shaida masa cewa sunan garin ma na ƙanwarta ne. In aka cire mata daga tarihinku, me ya rage muku ban da gardama?

Masu karatu, ku yi mana haƙuri, ga abin da muke rigima a kai. Manga labari ne da ake ba da shi da zane a Japan. Na samari kan fito babi-babi a manyan mujallun mako-mako: Shonen Sunday da Shonen Magazine, waɗanda aka fara a 1959, da Shonen Jump da ta biyo baya a 1968. Na wasanni yawanci a makarantar sakandare ake kafa su, kuma a kulob ɗin wasannin irin waɗannan makarantu akwai wadda suke kira manaja. Ba ta ɗaukar ɗan wasa, ba ta korar kowa. Ɗaliba ce mai wankin riguna, haɗa abin sha, dunƙula shinkafa, rubuta maki da ɗaure ƙafar wanda ya gurɗe.

Saboda haka tawul ɗin da ka gani gaskiya ne, Bazazzagi, ko makaho ya shafa zai ji shi. Kuma marubutan tarar da bencin suka yi, ba su suka sassaƙa shi ba. Babbar gasar besbol ta sakandare ana yin ta a filin Koshien da ke Nishinomiya, kusa da Osaka, ƙasar gaba ɗaya tana kallo a watan Agusta. Sai a 1996 aka yarda ɗaliba ta zauna a bencin 'yan wasa a can, shi ma a matsayin mai rubuta maki. A 2016 wata manaja daga wata makarantar Oita ta shiga filin tana miƙa wa koci ƙwallo lokacin atisaye, jami'ai suka fitar da ita wai don kare lafiyarta, kuma surutun da ya biyo baya ne ya sa aka sassauta dokar. A 2014 jaridu sun yi ta yayata wata manaja a Saitama da ta dunƙula curin shinkafa 20,000 cikin shekara biyu, har ta bar ajin masu shirin shiga manyan jami'o'i don ta samu lokaci. Wasu suka yaba mata, wasu suka ce an ci da guminta. Wasan ƙarshe na gasar besbol ta 'yan mata kuwa bai taka Koshien ba sai 2021.

To, tunda benci na nan, abin dubawa shi ne me marubuci ya damƙa wa yarinyar bayan ya zaunar da ita a kai. Ga ma'aunina, ba ya buƙatar digiri uku irin naku. A ɗauke jarumin daga labarin. In yarinyar ta wayi gari tana da abin da za ta tashi ta yi, marubuci ya halicci mutum. In ta ɓace tare da shi, ado ya zana. Zo mu auna su, ka riƙe mini mudun.

Zan fara da waɗanda suka faɗi, don kada ka ce Kanawa ba su da adalci. A Kyojin no Hoshi na Ikki Kajiwara da Noboru Kawasaki, wanda aka fara a 1966, uba ya ɗaure ɗansa Hyuma da wata rigar ƙarfe mai jan tsoka don ya zama gwanin jifa a besbol, in ransa ya ɓaci kuma ya kifar da teburin abinci. Yayar yaron, Akiko, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarsu. Har yau in Japanawa za su kwaikwaye ta, sai su laɓe bayan turke suna leƙe suna hawaye. Daga baya aka aurar da ita ga Hanagata, abokin hamayyar ƙaninta. Wannan na ba ka ita kyauta.

Na ƙara maka da Captain Tsubasa na Yoichi Takahashi, wanda aka fara a 1981, wanda 'yan uwanmu na Sudan da duk wanda ya taso da tashoshin Larabawa suka sani da Kyaftin Majid. A firamare Sanae Nakazawa ce shugabar 'yan goyon baya: rigar maza, ɗaurin goshi, ƙatuwar tuta, da muryar da ke sa yara maza shiga taitayinsu. Da aka shiga ƙaramar sakandare sai Takahashi ya karɓe tutar ya miƙa mata kwandon wanki, ya rage mata murya, ya bar ta da jiran Tsubasa ya je Brazil ya dawo ya aure ta. Yayoi, manajar wata ƙungiya, ta je ta tona wa Tsubasa cewa kyaftin ɗinta Misugi na da ciwon zuciya, tana roƙon ya bar masa wasan. Wata manajar, Yoshiko, ta ɗinka wa 'yan ƙungiyarsu ɗaurin goshi, ta ɓoye saƙon soyayya a cikin na Matsuyama, ta hau jirgi zuwa Amurka. Kowacce an ɗaura ta a wuyan kyaftin ɗinta. Amma lura da kyau, malam mai nazari: Sanae da rai aka haife ta, marubucin ne ya yi ta rage mata shi har ta dace da hoton da kake so. Abin da kai ka ce an kyauta, ni ɓarna na gani.

Yanzu gyara zama. Kajiwaran da ya laɓe Akiko bayan turke, shi ne ya ɗauki sunan Asao Takamori ya rubuta Ashita no Joe tare da mai zane Tetsuya Chiba, daga 1968 zuwa 1973. A can akwai Yoko Shiraki, jikar wani attajiri. Ita ce ta tsaya wa ɗan dambe Rikiishi lokacin da yake ƙona jikinsa da yunwa da ƙishirwa don ya sauko ajin nauyin Joe, kuma da damben ya ci ransa ba ta koma ɗaki ta rufe ƙofa ba. Ta karɓi ragamar gidan horar da 'yan dambe, ta ɗauko Carlos Rivera daga Venezuela don ya farfaɗo da Joe, ta yi ta shimfiɗa masa hanya har zuwa gaban zakaran duniya José Mendoza. Da ta gane duka ya fara taɓa masa ƙwaƙwalwa, ita ce ta tare shi a ɗakin shiri tana roƙon kada ya fita. Ya fita. Bayan turmi na ƙarshe ita ya miƙa wa safar hannunsa. Wannan mace ce mai kuɗi, mai iko, mai laifi a wuya, wadda ta tura mutum ga halaka kuma ta san ta tura shi. In ka tsallake shafukanta, wa ya shirya damben da kake kallo? Ashe tun kafin a haife ka an iya rubuta mace a wannan fage. Wanda bai yi ba, bai ga dama ba ne.

Minami Asakura ta Touch, labarin Mitsuru Adachi da ya gudana daga 1981 zuwa 1986, ƙafa ɗaya ta tsallake ma'aunina, ɗaya ta maƙale. Burinta a kai ta Koshien, tagwaye biyu maƙwabtanta, Kazuya da Tatsuya, suna ɗauke da burin. Mota ta kashe Kazuya a safiyar wasan ƙarshe na yanki, Tatsuya malalaci ya gaji ƙwallon da alkawarin. Har nan dai ita ce kofin da ake fafutuka a kai. Sai Adachi ya ba ta nata fagen: wasan lanƙwasa jiki da ake yi da ƙyalle da zobe, inda ta yi fice har ta kai gasar ƙasa, 'yan jarida suka fara binta fiye da yadda suke bin saurayin. Ta san nauyin da ke kan wanda kowa ya zuba wa ido, har ya kusa durƙusar da ita. Inda ta maƙale shi ne, wasanta leƙensa kawai ake ba mu, na Tatsuya kuwa jifa-jifa ake ƙirga mana.

Adachin dai ya dawo ya biya bashin a Cross Game, daga 2005 zuwa 2010. Aoba Tsukishima ta taso a gidan da ake biyan kuɗi a koyi dukan ƙwallon besbol, kuma tun tana ƙarama ba yaron da ya kama ƙafarta a jifa. Jarumin labarin, Ko Kitamura, salonta ya kwaikwaya har ya zama abin da ya zama. Tana atisaye da maza kullum, tana gyara masa kuskure, amma ranar gasa doka ta ce ta koma gefe. Adachi bai ɓoye zafin abin ba, bai kuma yi mata ƙaryar cewa za a canza doka saboda ita ba. Ya bar mai karatu ya zauna da sanin cewa hannun da ake tafa wa a fili aro ne daga wadda aka hana shiga. Kai da ka tsallake ta, ka ga jifa ba ka san mai shi ba.

Na san inda za ka fake: Slam Dunk na Takehiko Inoue, kundi 31, daga 1990 zuwa 1996, wanda kake rantsuwa da shi. To mu shiga. Hanamichi Sakuragi, wanda 'yan mata 50 suka ƙi a ƙaramar sakandare, bai san ƙwallon kwando ba sai da Haruko Akagi ta dubi tsayinsa ta tambaye shi ko yana son wasan. Ya yi ƙarya ya ce yana so. Ba don wannan tambaya ba, da littafin da kake taƙama da shi ya ƙare a shafi na biyar. Ita ta koya masa yadda ake ajiye ƙwallo a kwando a hankali, domin ta buga a ƙaramar sakandare. A wasa da makarantar Sannoh, bayan ya ji ciwo a baya, ya miƙe ya dafa ta ya ba ta amsar tambayar nan ta farko, wannan karon da gaske, kuma ƙwallon yake nufi. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Amma tambayi Inoue: yarinyar da ke son wasan haka, me ya hana a nuna ta tana bugawa a sakandare? Aikinta ya zama kallon gwanin ƙungiyar, Rukawa, da idon soyayya, a ƙarshe aka naɗa ta manaja ta biyu mai rubuta wa majinyaci wasiƙa.

Ayako kuwa, manaja ta farko, da mafici na takarda take tafiyar da ƙungiyar da ke cike da 'yan daba. Ita ta tsare Sakuragi a gefen fili tana sa shi maimaita tushen wasa yana ƙorafi. Ita ta rubuta wa ɗan wasa Miyagi kalmar ƙarfafa gwiwa a tafin hannu lokacin da gabansa ke faɗuwa a gaban Sannoh, ita ta tsorata da ciwon bayan Sakuragi ta faɗa masa abin da zai iya jawo wa rayuwarsa ta wasa. Duk da haka, cikin kundi 31 Inoue bai ba ta sunan dangi ba. 'Yan benci da ba su jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba suna da nasu. Shi kansa da ya dawo ya shirya fim ɗin The First Slam Dunk a 2022, sai ya buɗe gidan su Miyagi, ya ba uwar yaron, wadda ta rasa miji ta rasa babban ɗa, wuri mai faɗi a tsakiyar labarin. Mai littafin ya waiwayo, kai mai karatu kana nan inda ya bar ka.

Da aka shiga sabon ƙarni sai marubuta suka ce bari a ba matan ƙwaƙwalwa. A Eyeshield 21 na Riichiro Inagaki da Yusuke Murata, labarin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka da aka fara a 2002, Mamori ta shiga ƙungiya ne don ta kare jarumin labarin, Sena, daga cin zali, ta ƙare tana tace bidiyon abokan hamayya tana aika wa kyaftin Hiruma saƙo da alamun hannu daga gefen fili. A Kuroko no Basket na Tadatoshi Fujimaki, daga 2008 zuwa 2014, Riko Aida ɗaliba ce kuma ita ce kocin Seirin, 'yar mai horar da 'yan wasa, wadda da ido take auna ƙarfin jikin mutum, kuma a hannunta suka ci kofin hunturu. Momoi ta makarantar Touou tana tara bayanan kowane ɗan wasa har ta hango yadda zai canza salo kafin shi ya sani. Mu Kanawa mun san wannan tun a Kantin Kwari: mai babbar riga yana bakin shago yana gaisawa da jama'a, amma wanda ke riƙe da littafin bashi shi ya san ko shagon zai kai baɗi.

Sai dai ba a rabu da Bukar ba. Fujimaki ya ba Riko allon dabara da hannun dama, da hagu kuma ya yi ta maimaita raha biyu a kanta: ba ta iya girki ba, kuma ƙirjinta bai kai na Momoi ba. Ba a taɓa auna koci namiji da tukunya ba. Haka Anri Teieri ta Blue Lock, na Muneyuki Kaneshiro da Yusuke Nomura, wanda aka fara a 2018, shekarar da Beljiyam ta fitar da Japan daga gasar cin kofin duniya. Ita ce ta tsaya gaban dattawan hukumar ƙwallo ta ce sai an sake lale, ita ta ɗauko koci Ego Jinpachi, da yawunta aka tara matasa 300 masu cin raga. Da aka fara aikin sai ta koma mai riƙe takardu da yin tambaya don Ego ya samu damar yin lacca. Wannan ɓangaren na san ya burge ka, lacca ai gadonku ce.

Wanda ya fi cika mudun shi ne Haikyu!! na Haruichi Furudate, labarin ƙwallon raga mai kundi 45, daga 2012 zuwa 2020. Da farko Kiyoko Shimizu kamar za ta gaskata ka: kyakkyawa, ba ta magana, Tanaka da Nishinoya suna gadinta. Sai a hankali aka buɗe ta. Ashe 'yar gudun tsallake shinge ce a da, doguwar safar da take sawa tabon faɗuwa take rufewa. Ta karɓi aikin manaja ba tare da wani zafin so ba, son ya same ta a hanya. Ranar wasan farko na gasar ƙasa a Tokyo aka yi musayar jaka, wani yaro ya tafi da takalman jarumin labarin, Hinata. Ita ta zura da gudu ta karɓo su, kuma Furudate ya zana gudun nan yadda yake zana wasa, da numfashi, da tsallake, da tunanin mai gudu. Babi ne nata, a kan ƙafafunta. Kafin nan ma ta yi abin da 'yan wasan ba su tuna ba: ta san za ta gama makaranta, ta fita neman wadda za ta gaje ta.

Wadda ta samo ita ce Hitoka Yachi, matsoraciya, wadda a wasan kwaikwayon makaranta matsayin 'yar ƙauye ta biyu aka ba ta, mai wucewa a baya, ta kuma ɗauka haka rayuwarta take. Uwarta mai zanen tallace-tallace ce, ta gargaɗe ta cewa shiga cikin masu yi da gaske da rabin zuciya cin fuska ne. Yachi ta bi uwar har tashar jirgin ƙasa ta ɗaga murya ta ce za ta yi. Ƙungiyar ba ta da kuɗin zuwa atisaye a Tokyo, ta zana fostar neman gudummawa da hoton Hinata a sama, kuɗi suka shigo. Bayan shekaru, da labarin ya nuna su sun girma, tana aiki a kamfanin zanen talla. Ɗauke Hinata daga littafin, Yachi na da ofis da za ta je da safe. Ga Michimiya, kyaftin ɗin 'yan mata, da aka fitar tun wasan farko, ta daure a gaban ƙannenta sai da ta keɓe ta fashe da kuka. Ga Saeko, yayar Tanaka, da ta kawo 'yan ganga suka karya kiɗan magoya bayan abokan hamayya, Inarizaki. Furudate bai cire tawul daga hannun kowa ba. Ya dai tambayi mai riƙe da shi daga ina ta fito, ina kuma za ta.

Za ka ce me ya sa sauran ba su yi haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Shonen Jump, wadda a ganiyarta a tsakiyar shekarun 1990 ta haura kwafi miliyan 6 a mako, tana tafiya ne da katin ra'ayin masu karatu. Labarin da ya yi ta zuwa ƙasa a ƙuri'a, a datse shi. Marubucin da ya bar fili ya bi manaja gida caca yake yi da abincinsa, saboda masu karatu irinka. Sannan kasuwar ma an raba ta. Bayan matan Japan sun ci zinare a ƙwallon raga a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, Chikako Urano ta fito da Attack No. 1 a 1968, amma a Margaret, mujallar 'yan mata. Mace mai bugawa aka kai ta can, mace mai kallo aka bar wa samari. Abin dariyar shi ne, kofin duniyar da su Tsubasa suka shekara da shekaru suna mafarki, mata ne suka kawo wa Japan shi a 2011, a Jamus, ƙarƙashin Homare Sawa, bayan sun doke Amurka a bugun fenariti. Mazan har yau a takarda suke ɗaga shi. Katangar dai ta fara tsagewa: a Major 2nd na Takuya Mitsuda 'yan mata ne suka fi yawa a ƙungiyar ƙaramar sakandare, a Blue Box na Kouji Miura kuwa, da aka fara a Jump a 2021, Chinatsu ce tauraruwar ƙwallon kwando, yaron ne ke sammako don ya kamo ƙafarta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai zafin. A duk littattafan nan, wa ka fi kama da shi? Na san a ranka Rukawa ne. Bazazzagi, ji tsoron Allah. Kai da rabonka da gudu tun ranar da kare ya biyo ka a Tudun Wada. Wurinka a duniyar wasa shi ne bencin gidan kallo, inda kake gaya wa kocin da ke Ingila wanda zai canza. Mai son wasa, wanda ya haddace dokokinsa, ba ya bugawa, zuciyarsa na dukan uku-uku saboda ƙafar wani: wannan ai siffar Haruko ce, kuma siffarka ce. Marubuci yakan zaunar da yarinyar nan ne daidai inda mai karatu ke zaune, ta yi tambayar da zai yi, ta ji tsoron da zai ji. Duk shafin da ka tsallake, kanka ka tsallake. Bambancin kawai, Haruko ta taɓa bugawa, Kiyoko ta yi gudu, Yachi ta samo kuɗin mota. Kai ko ruwan leda ba ka taɓa saya wa 'yan ƙwallon unguwarku ba.

Ga hukuncin kotun birnin Dabo, ba ɗaukaka ƙara. Za ka karanta Cross Game daga farko har ƙarshe, shafi bayan shafi, da yatsa a kan layi yadda aka koya maka a makarantar allo. Sannan ranar Asabar ka je filin da yaran unguwarku ke buga ƙwallo ka ce an aiko ka aikin manaja. Ka cika jarka, ka wanke riguna, ka rubuta wanda ya ci da wanda ya ba shi, ka raba faɗa, ka san wanda bai karya ba ya zo, kuma duk wannan ba tare da ka yi wa kowa lacca ba. Na san sharaɗin ƙarshen nan shi zai kayar da kai. In ka yi wata guda ba ka ɓatar da takalmin kowa ba, ka hau mota ka zo Kano da littafin makin a hannu, a duba. Za a ba ka gurasa ko ka ci jarrabawar ko ka faɗi, don ba ma barin bayinmu da yunwa. Maganar 'yanci kuwa, sai na shawarci manya.

Uwargijiyarka,
Bakanuwa